Royal Canin Gastrointestinal Low Fat: ra'ayina a matsayin mai kare da ke fama da kumburin fankiriyas

Gaskiya in aka ce in faɗa a taƙaice, abincin nan yana aikinsa kuma zan cigaba da saye. Amma fa kar wani ya ɗauka magani ne da za'a zuba a kwano kare ya ci ya miƙe garau, a'a, abinci ne kawai da aka rage masa kitse sosai aka kuma haɗa shi yadda ciki zai narkar dashi ba tare da wahala ba, kuma duk amfaninsa yana ƙarewa ne a daidai lokacin da wani a gidan ya ji tausayi ya jefa wa karen guntuwar fatar kaza. Wannan nakeso masu kare irin nawa su fara riƙewa tun kafin ma likita ya rubuta musu sunan abincin a takarda.

Karena ƙaramin shinauza ne kuma ya ɗan manyanta. Irinsu an sansu da yawan kitse a cikin jini, abun a jininsu yake, shiyasa suna cikin waɗanda ciwon nan ya fi kamawa, su da yokshaya teriya da koka sifaniyel, sai kuma duk wani kare mai ƙiba ko mai ciwon siga ko mai cutar Cushing, wato yawan sinadarin cortisol a jiki. Shi fankiriyas ɗin wani ɗan sashe ne mai laushi da ke kwance a gefen tumbi da farkon ƙaramin hanji, aikinsa biyu, yana fitar da insulin mai daidaita siga a jini, yana kuma fitar da sinadaran narkar da abinci. Su waɗannan sinadaran, musamman masu narkar da nama, ka'idarsu su fito a kulle, sai sun isa hanji sannan su buɗe su fara aiki. To in aka samu matsala suka buɗe tun suna cikin fankiriyas ɗin, sai su fara narkar dashi shi kansa da kitsen da ke kewaye dashi, kumburin kenan, kuma ciwonsa ba na wasa bane. Kitse yana daga cikin abinda ya fi tunzura fankiriyas ya yi ta zubo sinadaran nan, ga shi kuma yana sa abinci ya daɗe a tumbi bai wuce ba, to kunga dalilin da yasa duk maganar abincin karen da ya taɓa wannan ciwo take komawa kan kitse.

Wanda bai taɓa gani ba, alamar da ta fi tsaya min a rai ita ce yadda yake kwantar da ƙirji da ƙafafun gaba a ƙasa ya ɗaga ƙugu sama ya tsaya a haka yana nishi, ba irin miƙar da suke yi in sun tashi daga barci ko in suna son wasa ba, wannan zakaga cikin a ɗaure tamau, in ka taɓa ya zabura, ga amai akai akai har ya koma kumfa mai ruwan ɗorawa, ga ƙin abinci, ko ruwa ya sha sai ya dawo dashi. A wannan matakin babu wani buhun abinci da zai yi maka komai, asibitin dabbobi ne kawai. Namu an ɗibi jini aka yi gwajin da ake kira Spec cPL, wanda ƙasa da 200 ake ɗauka lafiya, daga 400 zuwa sama kuma ya yi daidai da kumburin fankiriyas, tsakaninsu sai a sake dubawa, sannan aka yi sikanin ciki don a tabbatar ba wani abu ya haɗiye ya toshe hanji ba tunda alamomin suna kama. Ƙarin ruwa, allurar tsaida amai irin Cerenia, da maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, su suka ɗaga shi. Akwai ma wata sabuwar allura Panoquell da hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita bisa sharaɗi a 2022 don wannan ciwo in ya taso da zafi, a Japan kuma tun 2018 ake amfani da sinadarin, sai dai ba ko'ina ake samunta ba.

Abinda ya bani mamaki shine basu barshi da yunwa ba. Da can abinda aka saba ji shine a hana kare abinci kwana da kwanaki wai fankiriyas ya huta, yanzu likitoci sun bar wannan, da zarar amai ya tsaya ake fara bada ɗan kaɗan, saboda hanjin da aka bari babu komai shima lalacewa yake ya ƙara dagula lissafi. To anan ne aka fara bashi na gwangwanin wannan abinci, cokali ɗaya, a jira, in ya zauna a ƙara.

Kamfanin dai na Faransa ne, wani likitan dabbobi Jean Cathary ya kafa shi a 1968, yanzu yana ƙarƙashin kamfanin Mars. Abincin yana zuwa busasshe a buhu, akwai mai ƙananan ƙwayoyi don ƙananan karnuka, akwai na gwangwani, akwai ma na ruwa da ake ɗura wa waɗanda suka kasa ci ta robar hanci ko ta wuya a asibiti. Yana cikin jerin abincin da ake bayarwa da shawarar likita, ba irin wanda mutum zai ga kyan leda ya ɗauka bane.

Busasshen, abinda ke rubuce a jikin nawa buhun shine kitse kaso 7 cikin 100, furotin kaso 22. Ku kwatanta da abincin kare na yau da kullum wanda da yawansu suna kaiwa 14 zuwa 18, wasu na karnukan aiki ma sun wuce 20. Kuma ba sai ka karanta ba, hannunka ma zai gaya maka, in ka ɗibi tsohon abincinsa tafin hannu yana maiƙo, ka zuba a kan takarda ka dawo ka tarar da tabon mai, wannan kuwa ƙamas yake, ka ɗiba ka kaɗe hannu shikenan, ƙamshinsa ma ba mai ƙarfi bane. Kayan haɗinsa shinkafa ce a gaba, sai busasshen naman kaji, alkama, sha'ir, ɗan man kifi, da wasu nau'ikan faiba irin siliyam da masu ciyar da ƙwayoyin hanji masu amfani. Ku lura da kaza da alkamar nan, in karenka jikinsa baya karɓar ɗaya daga cikinsu, irin masu soshe soshe da ciwon kunne in sun ci, to ka gaya wa likita tun farko a nema maka wani, don wannan ba naka bane.

Yanzu bari in tsaya akan abinda nake ganin shine ainihin abinda mutum yake biya a irin wannan abinci, wato lambar kitsen da zaka iya dogara da ita. Mutane da yawa suna cewa ai ga na gwangwani can a kanti an rubuta kitse kaso 4 kacal, ai ya ma fi kaso 7 ɗin ƙanƙanta, me zai sa in wahalar da kaina. To anan ake faɗawa rami. Abincin gwangwani yawancinsa ruwa ne, sai ka cire ruwan kafin ka kwatanta. In an rubuta danshi kaso 78, abinda ya rage na ainihin abinci 22 ne, sai ka raba 4 da 22 ka ninka da 100, ya baka wajen 18. Kaga kenan wancan mai kama da mara kitse yana ɗauke da kaso 18 a busasshensa, ya kusa ninka abinda ake so, tunda abinda likitoci suka fi nema wa irin waɗannan karnuka shine ƙasa da kaso 10 a busasshe. Na gwangwanin Low Fat ɗin in kayi masa wannan lissafin zakaga bai kai goman ba, ya yi kusa da ɗan'uwansa na buhu. Likitoci ma sun fi son lissafin giram nawa na kitse ke cikin kalori 1000, shi wannan yana wajen giram 20, kuma shine lissafin da baya ruɗi don ya shafi abinda karen zai ci a rana ne gaba ɗaya. Wani abun kuma, a tsarin lakabin Amurka lambar kitsen da ake rubutawa mafi ƙaranci ce, wato an yi alkawarin ba zai gaza haka ba amma ba'a ce ba zai wuce ba, mu kuma wucewar ce damuwarmu. Haka nan rubutun da ake yi a gaban leda wai na rage ƙiba ko mara nauyi, wallahi kar ku tsaya a nan, ku juya baya ku duba lamba, na taɓa ɗaga wani da aka cika gabansa da irin wannan rubutu na tarar da kaso 12.

Maganar ci kuwa, nawa ya karɓi na gwangwanin nan take, shi a dunƙule yake kamar an daskarar, sai na mutsuttsuke da cokali in zuba ruwan ɗumi kaɗan ya saki ƙamshi. Busasshen ne ya ɗan yi masa yanga da farko, ya shinshina ya kalleni ya koma ya kwanta, kuma ban ga laifin abincin ba, duk abincin da aka zare wa mai haka yake, daɗin ai a man yake. Abinda ya yi min aiki shine jiƙa ƙwayoyin da ruwan ɗumi na ɗan lokaci su yi taushi, a ɗora cokali ɗaya na gwangwanin a sama a cakuɗa. Ruwan ɗumi nace fa ba romo ba, don romon nama ko na ƙashi in ka barshi ya huce zakaga kitsen da ya taru a sama, ga albasa da tafarnuwa da ake sawa waɗanda su kansu guba ne ga kare. Wani lokacin kuma ƙin cin ba na ɗanɗano bane, tashin zuciya ne bai gama sakinsa ba, zakaga yana lasar leɓe yana haɗiyar miyau yana kauda kai daga kwano, wannan a koma wa likita ne ya ƙara maganin amai, ba a yi ta canza abinci ana lallashi da abin daɗi ba.

Rabon abincin ma yana da nasa muhimmanci. Maimakon sau biyu da yawa, ana raba na yini gida uku ko huɗu ƙanana don kar a ɗora wa fankiriyas lodi lokaci ɗaya. Ni da sikelin kicin nake aunawa da safe in zuba na ranar gaba ɗaya a roba ɗaya mai murfi, duk wanda zai bashi wani abu a gidan, ko lada ne don ya zauna ko ya zo, daga cikin robar nan zai ɗiba, in ta ƙare ta ƙare. Kofin awo bana yarda dashi, yau a cika shi da tozo gobe a shafe, bambancin a ƙaramin kare ba kaɗan bane. Jadawalin da ke bayan buhu kuma mafari ne kawai, ana auna nauyin karen lokaci lokaci a gyara, likitoci suna da ma'aunin jiki daga 1 zuwa 9 inda ake son kare ya tsaya a 4 ko 5, wato ka shafa haƙarƙari ka ji su ba tare da ka danna ba, in ka kalleshi ta sama kuma kaga ƙugu ya ɗan shiga.

Abinda na gani a jikinsa, bayan gida ya daidaita, a dunƙule, ba maiƙo ba wannan warin mai tada hankali, kukan cikin da yake yi da daddare ya ragu sosai, ya dawo yana tarbar mutane a ƙofa. Da aka maimaita gwajin kitsen jini, wanda sai an hana shi abinci wajen awa 12 kafin a ɗiba, likita ya ce ya sauka yadda yake so. Bazan ce abincin kaɗai ya yi wannan ba don a lokaci guda muka yanke duk wani ciye ciye, amma dai shine ginshiƙin.

Sai dai ku shirya wa roƙo. Kare mai cin abinci mara kitse yana saurin jin yunwa, zai zo ya zauna gabanka yana bin kowace loma da ido daga faranti har baki, yana ɗora haɓa a gwiwarka, kuma a nan ne yawancin gidaje suke karyewa. Yara, baƙi, da wanda ya fi kowa son karen, sune haɗarin. Ai ɗan kaɗan ne, ai yau kawai, ai dubi yadda yake kallona. Ɗan kaɗan ɗin nan a wajen kare mai kilo bakwai ko takwas ba kaɗan bane, guntun cuku ko kitsen gefen nama guda ɗaya zai iya maida ku asibiti, kuma likitocin dabbobi sun san lokutan bukukuwa da yawan kawo musu irin waɗannan karnuka saboda ragowar abinci da kwandon shara. Don haka kwandon shara mai murfi da baya buɗuwa da hanci yana cikin magani. Abubuwan da mutane basa kawowa a ransu kuma sune ƙashi mai ɓargo, busasshen kunnen alade da ake saidawa don tauna, markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba ko cuku da ake ɓoye ƙwayar magani a ciki, man kwakwa da ake ta yayi a intanet wai yana gyara gashi, har da ƙwayoyin man kifi in ba likita ne ya ƙayyade ba. Ni ƙwayar magani a cikin ɗan dunƙulen na gwangwanin nake cusawa, yana mulmuluwa da kyau kuma baya ganewa. In kuma anaso a bashi wani abu daban don ransa ya yi daɗi, ɗan karas, dafaffen koren wake, farin ƙwai ba gwaiduwa, ko tsokar ƙirjin kaza da aka dafa a ruwa zalla aka cire fata, kuma duk kar su wuce kaso 10 na abincin ranar.

Na san masu cewa me zai hana kawai a dinga dafa masa shinkafa da ƙirjin kaza a gida tunda duk abu ɗaya ne kuma ya fi sauƙi a aljihu. Na 'yan kwanaki babu laifi, likitoci ma suna cewa a yi hakan in babu wani a kusa. Amma a matsayin abincin kullum bai cika ba, babu kalsiyam isasshe, babu wasu bitamin da ma'adanai, in aka daɗe a haka wata matsalar ce zata ɓullo. Wanda ya dage sai girkin gida to ya nemi likita masanin abincin dabbobi ya rubuta masa haɗi da awo, kuma ya bi shi sak, kar ya dinga musanya wannan da wancan. Shi wannan na buhun cikakke ne, karen da ya gama girma zai iya rayuwa a kansa shekara da shekaru, kuma eh, duk abincin likita ya fi na gama gari tsada, sai dai kwanciya ɗaya a asibiti da ƙarin ruwa da sikanin tana cinye kuɗin buhuna masu yawa.

Ba kowane kare ne zai dawwama a kansa ba. Wanda ciwon ya same shi sau ɗaya saboda ya fasa shara ya ci abin mai, kuma gwajin kitsen jininsa lafiya, wasu likitocin suna maida shi kan abinci mai matsakaicin kitse a hankali bayan ya warke. Amma mai irin na karena, ko wanda abun ke tashi yana kwanciya, yawanci shikenan an ɗaura aure da mara kitse. Ƴan kwikwiyo masu girma, karya mai ciki ko mai shayarwa, su kuma ƙarfin da ke ciki bai ishe su ba, kar a basu ba tare da likita ya duba ba. Haka mai ciwon ƙoda, nasa lissafin daban ne saboda furotin da fosfaras.

Kuma ko kana kan abincin nan sak kar ka saki jiki da sa ido. Kumburin da ke yawan dawowa yana cin fankiriyas a hankali, wasu karnukan daga baya suna kamuwa da ciwon siga, alamarsa yawan shan ruwa da yawan fitsari da ramewa, wasu kuma fankiriyas ɗin ya daina fitar da sinadaran narkarwa isassu, sai kaga kare yana ci kamar ba gobe amma yana ƙarewa, bayan gida mai yawa fari fari mai maiƙo, wannan akwai gwajin jini na TLI da ke nuna shi kuma ana magance shi da garin sinadaran da ake barbaɗawa a abinci. Amai fiye da sau ɗaya biyu a yini, ƙin abinci na yini guda, ko wannan tsayuwar ta ɗaga ƙugu, a kira likita a ranar. Kuma don Allah kar a ɗauko ibuprofen ko farasitamol na mutane a bashi wai don ciwon ciki, ibuprofen yana huda musu tumbi ya taɓa ƙoda. In karenka yana shan maganin farfaɗiya irin potassium bromide ko phenobarbital, ko azathioprine mai rage ƙarfin garkuwar jiki, ka tuna wa likita, don suna cikin magungunan da ake alaƙantawa da ciwon, amma kar ka tsaida da kanka.

Ajiya, buhun a barshi a ledarsa a matse bakin sosai a wuri mai sanyi mara danshi, ƙaramin kare kuma gara ƙaramin buhu don kar ya daɗe a buɗe ya sheƙe ya ƙara ƙin ci. Gwangwani in an buɗe a juye a roba mai murfi a sa a firij a cinye cikin kwana biyu, a ɗan ɗumama kafin a bashi.

In an nema an rasa, don yakan faru da duk abincin likita, akwai takwarorinsa guda biyu da likitoci ke rubutawa, Hill's Prescription Diet i/d Low Fat da Purina Pro Plan Veterinary Diets EN Low Fat. Ku kula da kalmar Low Fat ɗin a jiki, domin duka kamfanonin uku suna da na ciwon ciki na gama gari mai kusan suna ɗaya da leda mai kama, kuma kitsensa ya fi yawa nesa ba kusa ba, Gastrointestinal zalla ba shine Gastrointestinal Low Fat ba. Canjin kuma a yi shi cikin mako guda, kwata na sabo a kan kashi uku na tsoho, sai rabi da rabi, sai a juya, shiyasa nake sayen sabon buhu tun na hannu yana da saura.